Saƙon maƙwabci da zumar Inna: abin da munka gani a wurin bincike na filin jirgi

Tunda lokacin shirin maniyyata ya kama, kowace unguwa ana awon kilo ana sayen akwati, mun ga ya dace mu ba ku labarin tafiyarmu ta Umra ta bara, musamman abin da ya same mu a wurin bincike na filin jirgi. Kurakurai munka tafka. Wasu sun zama abin dariya daga baya, ɗaya kuwa har yau in munka tuna sai jikinmu ya yi sanyi.

Mu bakwai ne: huɗu daga Ƙonni, biyu daga Gidan Idar, ɗaya daga Badagishiri. Mutum biyu kaɗai sunka taɓa hawa jirgi a cikinmu. Akwai tsohuwa guda, mahaifiyar ɗayanmu ce amma duk Inna muke ce mata, ta haura shekara saba'in, kuma kuɗin albasar rani uku ɗiyanta sunka haɗa sunka biya mata kujera. Akwai Kawu, tela ne, mutumin da bai taɓa fita gida ba almakashi a aljihu. Sauranmu manoma ne da ƴan kasuwa. Mun san hanya, mun san shingen jandarma, mun san sauka daga mota a nuna katin ɗan ƙasa a koma. Sai munka ɗauka filin jirgi ma hakan ne, an dai ƙara masa fitilu da sanyi.

Tun kafin mu bar Ƙonni jarrabawa ta fara. Daren da za mu tashi, bayan isha'i, wani maƙwabcinmu ya yi sallama ɗauke da ƙunshi, an naɗe shi da leda baƙa an zagaye da salatif har ba a gane siffarsa. Ya ce ɗan saƙo ne za a kai wa ƙanensa da ke zaune Makka shekara da shekaru, ga lambar salula a rubuce bisa. Mutum ne da munka tashi tare, katanga guda ta raba gidajenmu. Ranar da munka yi rashi shi ya fara kama gatari ya nufi maƙabarta. Wane ido za ka kalle shi da shi ka ce a'a?

Ɗaya daga cikin waɗanda sunka taɓa tafiya ya ce: “Malam, za mu kai in Allah ya so, amma sai mun buɗe gabanka mun ga mi ke ciki.”

Nan fuskarsa ta canza. Ya ce: “Ni za a bincika? Ni ɗin nan? To mi kuke tsammani na sa ciki?”

Munka ba shi haƙuri, munka ce ko kayan uwayenmu sai mun buɗe. Da ƙyar ya yarda aka sa reza aka yanka. A ciki akwai yaji, da daddawa, da goro kamar ƙwarya ɗaya rabi, sai wata ƴar leda mai ɗauke da ƙwayoyin magani farare da kore, babu kwali, babu suna, babu takardar likita. Ya ce maganin ciwon baya ne, wurin mai tebur ya saya. Mun yarda da gaskiyarsa har ga Allah, don bai yi kama da mai son cutar da mu ba. Sai dai ko shi bai san sunan maganin ba, balle mu. Ƙasar da za mu kuwa, Saudiyya, hukuncin safarar ƙwaya a cikinta yana kaiwa ga kisa, kuma tramol ɗin nan da ake sayarwa bakin tasha kamar alawa yana cikin abin da suke kamawa. Goron ma ba lafiya ba: hukumar alhazan Najeriya, NAHCON, ta sha gargaɗin maniyyatanta kada su kuskura su ɗauke shi. Munka ce yaji da daddawa za mu tafi da su, goro da magani kuwa sai dai ya yi haƙuri. Ya tattara kayansa duka, har yajin, ya fita ba sallama. Da asuba da ƴan unguwa sunka raka mu tasha, ba ya cikinsu.

Munka shiga kar zuciya ba daɗi. Daga Ƙonni zuwa Yamai kilomita ɗari huɗu da wani abu ne, ta Dogon Dutsi, ta Doso, ta Birnin Gaure. Jirginmu na gobe ne, kuma wannan ita ce dabara ta farko da ta amfane mu: kada ka kuskura ka bar Ƙonni ko Malbaza ranar da jirginka zai tashi. Taya na iya fashewa, shinge na iya daɗewa, jirgi kuwa bai san rakiya ko jiran sallar wani ba. Munka kwana Yamai wurin dangi, munka isa filin jirgin Diori Hamani saura fiye da awa uku a tashi. Filin yana bakin gari ne, bisa hanyar Doso, wanda ya zo daga wajenmu shi yake fara gani. Sabon ginin da ke ciki kamfanin Summa na Turkiyya ya gina shi, anka buɗe a watan Yuni 2019, gab da taron ƙungiyar Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai. Inna ta tsaya ta dubi gilasai ta ce: “Wanga duk ɗakin jiran mota na?”

Kafin mu ci gaba, akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa juna. Yawancinmu in an ce buɗe jakarka, sai mu ji kamar an kira mu ɓarayi. Haka maƙwabcinmu ya ji, haka mu ma munka ji da layi ya zo kanmu. Amma wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai ga laifin mai bincike ba. Ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa ya taso daga Brazzaville, ya sauka Njamena, ya tashi zuwa Paris. Bisa hamadar Tenere, a cikin Nijar ɗinmu, ya tarwatse a sama. Mutum 170 ke ciki, babu wanda ya fita. Bam ne aka sa cikin akwati, akwatin ya shiga cikin kayan fasinja kamar kowane akwati. A 2007 dangin mamatan sunka je can cikin rairayi sunka jera baƙaƙen duwatsu, sunka kafa fuffuken jirgi don tunawa. Akwati guda da ya wuce ba a gane abin da ke ciki ba, shi ya ci rai 170. Saboda haka duk wanda ke laluben jakarka, ranka da na maƙwabcin kujerarka yake tsaro, ko da fuskarsa a ɗaure take.

Binciken hawa-hawa ne. Da farko masu rakiya suna tsayawa, mai tafiya ya wuce da fasfo da tikiti. Sai wurin awon kaya, inda ake karɓar manyan akwatuna a ba ka takardar shiga jirgi. Sai ƴan sanda masu duba fasfo su buga hatimi. Sai na ƙarshe, inda jakar hannu ke shiga na'ura, kai kuma ka bi ta wata ƙofa mai ƙara. Takardu huɗu ne ba a so su bar hannunka: fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya mutu, biza, tikiti, da katin rigakafin nan rawaya. Saudiyya na neman shaidar allurar sanƙarau, kuma ga mutanen ƙasashenmu ana duba ta shawara. Mu mun saya wa kowa ƴar jakar rataye a wuya, takardun duka a ciki. Wanda ya cusa fasfonsa ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa, a tsakiyar layi zai durƙusa yana tona, mutane na tsaki bayansa.

A wurin awo ana iya tambayar ka: kai ka haɗa kayanka da hannunka? Wani ya ba ka saƙo? Da anka yi mana wannan tambaya sai munka dubi juna. Da mun ɗauki ƙunshin nan a naɗe, ko dai mu yi ƙarya a bakin tafiyar ibada, ko mu ce i a kwance shi gaban jama'a a tarar da ƙwayar da ba mu san sunanta ba. Kuma ba a gida kaɗai ake ba da saƙo ba. Ko a cikin layi wani zai matso, da fara'a da kiran Alhaji, ya ce kilonsa ya yi yawa, ka taimaka a auna jakarsa da sunanka tunda naka bai cika ba. Kada ka yarda. Duk jakar da ta shiga da sunanka, taka ce a idon hukuma.

Ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi: kowane akwati da aka karɓa ana liƙa masa takarda mai lamba, a ba ka ɗan guntunta, galibi a manna shi bayan takardar shiga jirgi ko bayan fasfo. Ƙirga guntayen nan kafin ka bar wurin. In akwati biyu ka bayar, guntu biyu za ka gani. Ƴan uwanmu na Najeriya sun ga abin da ya sa. A ƙarshen Disamba 2018 wata ɗaliba ta tashi daga Kano zuwa Umra tare da mahaifiyarta, anka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tramol da aka liƙa wa sunanta, alhali ba ta taɓa ganin jakar ba. Sai da bincike ya tono waɗanda sunka liƙa sunan tun daga filin tashi, sannan anka sake ta a ƙarshen Afrilu 2019, bayan wata huɗu a tsare. Mu dai mun ɗauki hoton kowane akwati da salula, da lambarsa, kafin ya ɓace mana da gani. Ba ya cin minti ɗaya.

Mun wuce awo muna murna, mun zauna ana cike takardu, sai munka ji ana kiran sunan Kawu. Gabanmu ya faɗi. Anka tafi da shi da ɗayanmu mai jin Faransanci, anka nuna masa akwatinsa an ware shi gefe, anka ce ya buɗe da hannunsa. Ashe batirin ajiyar caji ne, fawa-bank, ya naɗe shi cikin rawani ya tura tsakiyar kaya don kada ya ɓata. Mu a tunaninmu abu mai nauyi babban akwati ya kamace shi. Doka kuwa akasin haka take. Irin wannan batir in ya lalace yana iya zafi ya kama wuta da kansa. In yana ɗakin fasinja za a ga hayaƙi a kashe, in yana can ƙasan jirgi cikin tarin akwatuna babu mai kai hannu. A watan Janairu 2025 wani jirgi ya ƙone a Busan ta Koriya ta Kudu yana shirin tashi, kuma binciken ya karkata ga irin wannan batir. Don haka fawa-bank da batirin salula na ajiya a jakar hannu suke tafiya. Wanda aka rubuta wa 10.000 ko 20.000 ba ya da matsala. Manyan nan da sunka wuce 27.000, waɗanda muke saye saboda ɗaukewar wuta, sai an nemi izinin kamfanin jirgi, gara ma a bar su gida. Risho, gas, fetur ɗin birike da makamantansu kuwa ba sa shiga ko'ina, ko sama ko ƙasa. Rabin awa wannan batir ya ci mana. Da a ƙurarren lokaci munka zo, da labarin ya canza.

Sai ƙofa mai ƙara. Ƙarfe take ji, ba ta ganin cikin mutum, ba ta ɗaukar hoton tsiraici kamar yadda ake faɗa a majalisa. Ana ba ka ɗan bahon roba ka zuba duk abin da ke jikinka: salula, makullai, agogo, ƴan canji, bel ɗin wando. Kawu ya zuba salula ya wuce, ƙofa ta yi kuka. Ya dawo ya ciro makullan shago, ta sake kuka. Ya ciro tsabar dala-dala, ta sake. Babbar riga ce da ƴar ciki, kowace da aljihu biyu, ga na wando. A karo na huɗu ne almakashin ya fito, tare da reza guda a takardarta, ta yankan farce. Ma'aikacin ya ɗaga almakashin ya ce ba ya wucewa. Kawu ya ce: “Yaro, shekara ashirin muna tare da shi hwa.” Yaron ya yi murmushi ya ce da a babban akwati ya sa shi, da sun tafi tare. Babban akwati kuwa ya riga ya shige. Haka almakashi ya kwana Yamai. Masu wuƙar aljihu, masu aska, masu basilla, ku ji da kyau: duk mai kaifi da mai tsini a babban akwati yake tafiya. Ranar tafiya kuma a sa tufa mai sauƙi da takalmi mai sauƙin cirewa, don wani wuri har takalmi ake cewa a tuɓe, tun bayan da wani ya ɓoye abin fashewa a takalminsa cikin jirgin Paris zuwa Miami a Disamba 2001. Tun a layi a kwashe komai na aljihu a zuba cikin jakar hannu. Wani dattijo a bayanmu ya tambaya ko haƙorin Makka ma sai an cire, layi ya kwashe da dariya. Ba a cirewa, Alhaji, wuce abinka. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa bayan karaya, ko na'urar bugun zuciya, shi ne zai faɗa tun kafin ya shiga, ya nuna takardar likita.

Da layi ya zo kan Inna, ƙofa ta yi ƙara, sai tsohuwa ta daskare. Mun san abin da ke damunta. Lalitarta na ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane, da guzurinta a ciki, da makullin akwatinta na gida, ga ƴan layu biyu da ba ta taɓa rabuwa da su ba. Ta dube mu ido ya kawo ruwa ta ce: “Tuɓe ni za a yi gaban maza?” Laifinmu ne, mun yi mata bayanin ɗawafi da sa'ayi, ba mu yi mata bayanin wannan ba. Wata ma'aikaciya ta matso ta kama hannunta, ta ce da Hausa: “Inna, zo mu tai nan, ni da ke ɗai.” Ta kai ta gefe inda ba a gani, ta shafa, ta duba lalitar, ta taɓa layun ta mayar mata. Minti uku sunka fito Inna na sa mata albarka. Ku faɗa wa uwayenmu tun daga gida: mace ke binciken mace, kuma duk wadda ba ta son a duba ta a fili tana da damar cewa a kai ta gefe. Mai niƙabi ma mace za ta buɗe wa fuska a gwada da hoton fasfo. Awarwaro da sarƙa masu nauyi a cire su tun da wuri a sa a jaka.

Muna cewa an gama, sai jakar Inna ta tsaya cikin na'ura. Mai kallon allo ya nuna wani abu, anka buɗe. Gorar roba ce ta lita ɗaya da rabi, cike da zuma, ta naɗe ta da ɗankwali. Jikanta ya kawo mata, da ita take shan kunu kullum da safe saboda tari. A gefenta ga ƴar kwalba ta rubutu da malamin unguwa ya yi mata na sauƙin hanya. Anka ce kwalbar ƙarama ce, amma gorar ba ta wucewa. Munka roƙa, munka ce tsohuwa ce, munka ce a ɗanɗana a ji zuma ce. Ma'aikacin ya ce ya san zuma ce, doka ce ba ta san zuma ba. Inna ta yi shiru, can ta ce: “To ɗana, kar ku zubar, haramun na. Ku kai ma ɗiyanku.” Ba mu san inda zumar ta ƙare ba, mun dai ga an aje ta gefe tare da kwalaben turare da na man shafawa na waɗanda sunka riga mu.

Dokar nan ta samo asali ne a watan Agusta 2006, lokacin da ƴan sandan Ingila sunka kama wasu da ke shirin shiga jiragen Amurka da Kanada da abin fashewa na ruwa a cikin kwalaben lemo. Tun daga nan duk abu mai ruwa a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, kuma a tara su cikin ƴar leda mai nuna ciki wadda ba ta wuce lita ɗaya ba. Ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita ta ninka haka sau biyar. Girman mazubin ake dubawa, ko da abin da ke ciki ɗan kaɗan ya rage. Kuma abin da suke kira ruwa ya fi wanda muka sani faɗi: zuma, man shanu, man kaɗe, tigadege, fura damammiya, man goge baki, turare, duk ruwa ne a wurinsu. Wasu filayen Turai masu sababbin na'urori sun fara sassautawa, amma kada ka dogara da wannan a hanyarmu. Da zumar Inna a babban akwati take, an ɗaure bakinta da leda, da ta wuce wannan ƙofa lafiya. Buta ba komai ciki tana wucewa, asuwaki na wucewa, tasbaha na wucewa. Garin magani na gargajiya da ba suna ba takarda kuwa, ko ya wuce Yamai yana iya tsai da kai a can, inda ba mai jin Hausar da za ka yi bayani da ita.

A Adis Ababa munka canja jirgi, kuma can ma sai da aka sake bincike daga farko. Ruwan da ɗayanmu ya ɓoye daga jirgin farko nan ya tsaya. Amma wannan karon mun waye. Kowane tsoho mun haɗa shi da yaro guda, yaron na gaba yana nuna masa abin da zai yi, mutum ɗaya kuma ya fara wucewa ya tsaya can bakin na'ura yana tattara salula da jakunkuna don kada wani ya ɗauki na wani. Mai ciwon suga a cikinmu ya riƙe maganinsa a kwalinsa na asali tare da ordonas ɗin likita, da allurarsa, ya nuna tun kafin a tambaye shi, babu wanda ya tsai da shi. Haramin maza ma a jakar hannu munka sa, tunda Jidda za mu sauka kuma a sama ake wuce miƙati. Wani bawan Allah da ke kusa da mu nasa na babban akwati, ya rasa yadda zai yi. Abu guda kuma da munka hana junanmu: raha da kalmar bam ko bindiga. Mu mutanen Adar da Gobir bakinmu bai rabo da ba'a, amma wurin nan ba a san wasan taubashi ba.

Dawowa ma da nata. Tsarabar yara ta fi kama mutane: bindigar wasa ta roba mai ƙara da walƙiya, mun ga an tara su tuli a filin Jidda. Ruwan Zamzam ba a cusa shi cikin akwati. Akwai galan na lita 5 da aka rufe aka sa a kwali don jirgi, shi ake karɓa daban, gwargwadon ƙa'idar kamfanin da ya ɗauko ka. Wanda ya ɓoye gorori tsakanin dabino da sallaya, za a kira shi ya kwance kayansa ƙasa ya fitar. Ƴan kasuwa kuma su sani, kuɗi ko zinariya da sunka kai iyakar da doka ta sa dole a bayyana su ga duwan na Saudiyya, shiga ko fita. Maniyyatan bana, duk abin da bai bayyana muku ba ku tambayi hukumar COHO ko kamfanin da ya yi muku rajista tun kuna gida, matambayi ba ya ɓata. Ku je taron bita, ku tafi da tsofaffinku, a gwada musu yadda ake wuce ƙofar nan ko da da ƙyauren ɗaki ne.

Saura maganar maƙwabci. A Makka mun kira lambar ƙanensa, don mun riga mun rubuta ta. Ya zo masaukinmu, munka gaisa, munka ba shi yaji daga namu. Da munka gaya masa abin da ya faru sai ya riƙe baki ya ce shi yaji kaɗai ya roƙa, kuma da ƙwayar nan ta iso da sunansa da lambarsa bisa leda, da shi ma ya shiga uku. Ya yi wa yayansa waya a gabanmu. Da munka dawo Ƙonni munka kai wa maƙwabcin dabino da Zamzam da tasbaha har gida. Ya karɓa, ya yi mana barka da zuwa, amma fuskar ba kamar da ba. Har yanzu muna gaisawa a masallaci, hirar dare ce dai ba ta koma ba tukuna. Muna jin zafin haka, don zumunci ba abin wasa ba ne a wurinmu. Amma in aka sake kawo mana ƙunshi a naɗe gobe, reza za mu sake ɗauka.

Roƙonmu ga masu ba da saƙo: ku tausaya wa matafiyi. Ku kawo kayanku a buɗe, da rana, ku ce masa duba da idonka, kada ku bari shi ya fara roƙon a buɗe. Wanda ya ce ba zai ɗauka ba kuma kada a riƙe shi a zuci. Inna na gaishe ku, tarin ya yi sauƙi, jikan ya kawo wata zumar. Kawu ya sayi sabon almakashi a Madina, a babban akwati ya zo da shi.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya ya dawo mana da su lafiya, ya karɓi ibada, ya ba waɗanda ba su samu ba rabon zuwa.